Darasi: Cutar Kuturta a Gaban Doka, da Likita, da Jama'a

Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya. Wani Bafaranshe ɗan Katolika mai suna Raoul Follereau ne ya kafa ta a shekarar 1954, domin a riƙa tunawa da mutanen da duniya ta fi son ta manta da su. Saboda haka muka ga ya dace darasinmu na wannan karo ya bi tarihin wannan cuta, mu ga yadda doka ta yi da masu ita, yadda ilimin likita ya sauya, da kuma inda mu jama'a muka tsaya. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, waɗannan uku ba sa tafiya tare. Magani yakan riga zuwa, doka ta biyo baya tana jan ƙafa, zuciyar jama'a kuwa ita ce kan iso daga ƙarshe. Kafin ta iso, mutane da yawa sun riga sun rasa yatsu, da aure, da gida, alhali maganinsu yana nan a ajiye.

1. Zamanin da firist ne mai duba cuta

A Tsohon Alkawari, sura ta 13 da ta 14 na Littafin Firistoci sun shimfiɗa doka a kan cututtukan fata. Wanda tabo ya fito masa, akan kai shi wurin firist ya duba. Idan firist bai tabbatar ba, sai ya keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa, in da bukata ya ƙara wasu bakwai. Wanda aka yanke wa hukuncin ƙazanta, dole ya zauna a bayan zango, ya kuma riƙa faɗakar da duk mai matsowa kusa da shi.

Akwai abu biyu da ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, kalmar Ibrananci da aka fassara mana da kuturta ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har dokar ta yi maganar kamuwar tufa da bangon ɗaki. Ke nan ba cutar da likitocin yau suke kira kuturta kaɗai ake nufi ba. Na biyu, dokar da ta fitar da mutum ita ce kuma ta tanadi hanyar komowarsa. Sura ta 14 gaba ɗayanta kusan a kan tsarkakewa take, wato yadda firist zai fita bayan zango ya duba wanda ya warke, ya maido shi cikin jama'a. Shi ya sa a sura ta fari ta Bisharar Markus, da Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa mai cutar ya warkar da shi, bai sallame shi haka kawai ba, sai da ya aike shi wurin firist. Jiki ya warke, amma mutumin ba zai koma gidansa da kasuwarsa ba sai doka da jama'a sun shaida.

2. Turai a tsakiyar zamani

Daga ƙarni na 11 zuwa na 14 cutar ta bazu a Turai, aka gina gidajen masu kuturta a bakin garuruwa. A Ingila kaɗai sun haura 300. Ikilisiya ce ke riƙe da yawancinsu, ita ce kuma ke tsara dokokinsu. A shekarar 1179, Babban Taron Lateran na Uku, ƙarƙashin Paparoma Alekzanda na Uku, ya ba da umurni cewa inda masu cutar suke zaune tare, a bar su su mallaki cocinsu, da makabartarsu, da firist nasu, kada kuma a karɓi zakka daga lambunansu. Wannan Paparoma ya kuma yanke cewa kuturta ba ta kashe aure, kuma mai ita yana iya yin aure idan ya sami wanda ya yarda da shi.

Umurnin Lateran yana da fuska biyu. Ya kare haƙƙin majinyata na yin sujada da samun kabari, amma ya tabbatar da rabuwarsu da sauran masu bi. Kuma inda rabuwa ta daɗe, zargi yakan samu wurin zama. A shekarar 1321 jita-jita ta tashi a Faransa cewa masu kuturta sun haɗa baki suna zuba guba a rijiyoyi. Aka kama su, aka azabtar da su har suka amsa laifin da ba su yi ba, aka ƙone da yawa daga cikinsu da wuta, Sarki Filib na Biyar kuma ya goyi bayan hukuncin. Waɗanda suka yi wannan aiki masu baftisma ne kamar mu, bai kamata mu ɓoye ba. Kimanin shekara ɗari kafin haka, a Italiya, Waliyyi Faransis na Asisi, wanda a dā ko ganin mai kuturta ba ya iya yi, ya koma yana yi musu hidima da hannunsa, ya kuma ɗauki wannan a matsayin mafarin tubarsa. Bangaskiya ɗaya, zamani kusan ɗaya, hali dabam.

3. Shekarar 1873: mutum biyu

Sannu a hankali cutar ta ja da baya a yawancin Turai, amma ta yi zaune a yammacin ƙasar Norwe har cikin ƙarni na 19. Babban masanin cutar a birnin Bergen, Dokta Daniel Danielssen, ya haƙiƙance cewa gadonta ake yi. Mu ma kakanninmu haka suka ɗauka, shi ya sa ake karin magana cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sun lura da gaskiya guda biyu: cutar takan bi gida ɗaya, kuma takan daɗe kafin ta bayyana. Inda suka kuskure shi ne dalilin. A shekarar 1873 wani matashin likita da ke aiki ƙarƙashin Danielssen, mai suna Gerhard Armauer Hansen, ya duba naman ƙurajen majinyata da madubin likita, ya ga ƙwayoyin cuta masu kama da 'yan sanduna. Daga nan aka fara gane cewa ɗaukar cutar ake yi. Abin da ke sa ta bi gida ɗaya shi ne doguwar zama tare, ba jini ba.

A wannan shekara kuma, a can tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik, wani firist ɗan ƙasar Beljiyam, Fada Damiyan, ya sauka a tsibirin Molokai. Tun 1865 masarautar Hawayi ta yi dokar kama duk wanda aka samu da cutar, daga 1866 kuma aka fara kwashe su ana zubewa a wani ɗan zirin ƙasa da teku ta kewaye ta gefe uku, dogayen duwatsu suka tare na huɗu. Mutum wajen 8,000 aka kai can kafin a daina. Fada Damiyan ya gina gidaje, ya jawo ruwa, ya wanke gyambuna, ya sassaƙa akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura. Dokar keɓewa ta hau kansa shi ma. Akwai ranar da aka hana shi hawa jirgin ruwan da ya kawo wani firist ɗan'uwansa, sai daga cikin kwalekwale ya ɗaga murya ya yi furcin zunubansa. Daga baya cutar ta kama shi, ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49. Ikilisiya ta sa shi cikin waliyyai a shekarar 2009. Sista Marianne Cope, wadda ta je Molokai a 1888 ta ci gaba da aikin, ta yi shekara 30 a cikinsu, cutar ba ta taɓa kama ta ba.

4. Rabin ilimi ya ƙara wa doka tsanani

Mai karatu zai yi tsammanin binciken Hansen zai kawo wa majinyata sauƙi. A farko akasin haka ya faru. An san akwai ƙwayar cuta, ba a san maganinta ba, ba a kuma san cewa tana da wuyar ɗauka ba. Hukumomi suka ga babu abin yi sai kulle mutane. Norwe ta yi dokar keɓewa a 1885. Taron likitocin duniya na farko a kan kuturta, wanda aka yi a Berlin a 1897, ya ba da shawarar a keɓe majinyata. Turawan mulkin Indiya suka yi tasu dokar a 1898, Japan ta yi tata a 1907, ta ƙara mata tsanani a 1931, har aka kai ga yi wa majinyata aikin hana haihuwa da zubar da ciki a sansanonin da aka tsare su.

Duk da haka, a wannan zamani ne kuma doka ta fara juyowa ta dubi likita. A shekarar 1879, Hansen, don neman ya tabbatar da cewa ɗaukar cutar ake yi, ya sa wa wata majinyaciya ƙwayar cutar a ido ba da yardarta ba. Maganar ta kai kotu, a 1880 aka raba shi da muƙaminsa na asibitin Bergen. Babban masani ne, bincikensa kuma gaskiya ne, amma kotu ta nuna cewa jikin matalauciya ba abin gwaji ba ne. Ƙa'idar da muke gani yau, ta neman yardar majinyaci kafin a yi masa aiki, daga irin waɗannan shari'o'i ta tsiro.

5. Zuwan magani, da rabon Nijeriya a ciki

Shekaru da yawa abin da ake da shi kawai shi ne man wani itace na ƙasar Indiya da ake kira calmugura. Allurarsa tana da zafi ƙwarai, amfaninsa kuwa kaɗan ne. A shekarar 1941, a asibitin Carville da ke Amurka, inda Sistoci 'Yan Matan Ƙauna suke jinya tun 1896, Dokta Guy Faget ya gwada wani sabon magani mai suna Promin, aka ga gyambuna suna rufewa, ƙuraje suna bajewa. Wannan ne karo na farko da aka sami magani mai kashe ƙwayar cutar.

Ƙasarmu tana da babban rabo a abin da ya biyo baya. A Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, inda 'yan Metodis suke da mazaunin majinyata, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson kaɗan-kaɗan ta yi aiki, ga ta kuma da araha. A nan Uzuakoli ne kuma Dokta Stanley Browne ya gwada maganin kilofazimin a farkon shekarun 1960. A Ogoja, Monsinyo Thomas McGettrick ya gayyato Dokta Joseph Barnes da Sistocin Medical Missionaries of Mary, suka fara aikin kuturta a 1945. A Arewa, 'yan mishan na Church of the Brethren sun buɗe mazauni a Garkiɗa a 1929. A shekarun 1930 kuma hukumomin En'e suka damƙa wa mishan na SIM kula da mazaunan lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, waɗanda muka sani da Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Da dafson ta samu, sai aka daina jiran majinyaci ya bar garinsu. A shekarun 1950 Dokta Charles Ross ya jagoranci buɗe wuraren shan magani a ƙauyukan Arewa, inda mutum zai zo ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa.

Dafson ita kaɗai tana bukatar shekaru ana sha, wani ma har iyakar ransa, kuma a shekarun 1960 aka ga ƙwayar cutar ta fara jure mata. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, wato rifamfisin, da dafson, da kilofazimin. A yau wata 6 ake sha idan cutar ba ta yi yawa ba, wata 12 idan ta yi yawa. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya duka. A tsakiyar shekarun 1980 masu cutar da ke rajista sun haura miliyan 5. Daga lokacin zuwa yanzu an warkar da fiye da miliyan 16. A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da Hukumar ta sa, wato ƙasa da mutum 1 cikin kowane 10,000.

6. Doka tana jan ƙafa

Sai mu dubi tsawon lokacin da doka ta ɗauka kafin ta bi magani. An sami magani a 1941, amma Hawayi ba ta soke dokar keɓewa ba sai 1969. Japan ma sabunta tata ta yi a 1953, bayan magani ya riga ya shiga ƙasar, ba ta soke ta ba sai 1996. A 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke cewa ci gaba da tsare mutanen ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta nemi gafara, ta biya diyya. Amma yawancinsu sun tsufa a sansani, dangi sun share sunansu, ba su da inda za su koma. Indiya ta soke dokar 1898 a shekarar 2016, sai a 2019 ta cire kuturta daga cikin dalilan raba aure, shekara fiye da 800 bayan hukuncin Paparoma Alekzanda. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya zartar da ƙudurin hana nuna wa masu cutar da iyalansu bambanci a shekarar 2010.

Ko bayan an soke doka, jama'a ba su soke tasu ba. A 2003, shekara bakwai da soke dokar Japan, wani otal a lardin Kumamoto ya ƙi saukar da tsofaffin majinyatan da suka warke tun tuni. Majalisa tana iya share doka a zama ɗaya, amma tsoron da aka shayar da mutane tun suna goye ba ya fita da sa hannu a takarda.

7. Inda muka tsaya

A ƙasar Hausa ba a saba kulle masu kuturta ba. Sukan zauna a unguwarsu, suna da Sarkin Kutare, ana ba su sadaka a ƙofar masallaci, da coci, da kasuwa. Wannan ya fi kurkuku. Amma sadakar da ake jefawa daga nesa ita ma katanga ce. Mun ba su kwabo, mun hana su ƙwarya ɗaya da mu. Kuma sunan kuturu yakan manne wa mutum har kabari, ya bi 'ya'yansa, alhali wanda ya warke daga zazzaɓi ba wanda ke ci gaba da kiransa da sunan zazzaɓi.

Ga abin da ilimin likita ya tabbatar. Kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu yana da kariya daga cutar ko da sun haɗu da ita. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon hanci da baki, idan an yi watanni ana zama kurkusa da wanda bai fara shan magani ba. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin abinci tare, ko zama a benci ɗaya. Cin kifi da nono ba ya kawo ta, ba sammu ba ce, ba la'ana ba ce. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Takan yi kamar shekara 5 kafin ta bayyana, wani lokaci har 20. Yatsu kuma ba guntulewa suke yi da kansu ba. Dokta Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa cutar jijiyoyin ji take kashewa, sai mutum ya riƙa ƙonewa da tukunya, ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, ciwon ya ruɓe har ya ci ƙashi. Ke nan dattijon da muke gani da dungu, mai yiwuwa ya warke shekaru da yawa da suka wuce. Tabon abin da ya faru ne kawai ya rage. Wanda kuwa aka gane tasa da wuri, zai warke da yatsunsa goma.

Cutar ba ta ƙare ba. Har yanzu akan sami sababbin masu kamuwa wajen 200,000 a duniya kowace shekara, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da ke ba da rahoton fiye da 1,000 a shekara, har da yara. Daga 2024 zuwa watan Maris na 2025 ma an yi kusan shekara guda maganin bai shigo ƙasar nan ba saboda jinkirin takardu da ƙa'idojin shigo da magani, majinyata suka yi ta jira. Amma babban abin da ke sa mutum ya makara shi ne tsoronmu. Budurwar da ta ga farin tabo a bayanta, ta san abin da zai sami maganar aurenta idan aka ji, sai ta ce ƙyasfi ne, ta rufe da mayafi shekara uku, har hannu ya fara ƙandarewa. Nakasar da muke ƙyama, ƙyamarmu ce ke taimakawa wajen haifar da ita.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya riƙe waɗannan abubuwa. Duk tabon da ya fi sauran fata haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, ba a kuma jin taɓawar auduga a kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a tambayi ma'aikacin tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma. Wanda aka samu da cutar, a duba mutanen gidansa su ma. Wanda ya fara magani, mu taya shi ya kai ƙarshe, ko da maganin ya sa fatarsa ta yi duhu na ɗan lokaci, domin hakan yana wucewa. Iyaye masu binciken aure su sani cewa dokar Ikilisiya ba ta hana auren wanda ya yi kuturta ko ɗansa ba. Katakis, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa su kula kada a bar wani shi kaɗai a bencin baya, kada kuma hannunsa ya tsaya a miƙe lokacin gaisuwar salama. A zamanin Musa firist ne ke fita bayan zango ya maido da wanda ya warke. Likita ya yi nasa aikin, majalisu sun yi nasu ko da a makare. Fita bayan zango kuwa yanzu aikin ikilisiya ne gaba ɗayanta.

Tambayoyi don nazari a ƙungiya

1. Me ya sa Ubangijinmu ya aiki wanda ya warkar wurin firist, kuma wa ke yin aikin wannan firist a garinmu yau?
2. Binciken Hansen gaskiya ne, amma ya jawo dokoki masu tsanani. Wace cuta ce a zamaninmu aka bi da masu ita da irin wannan rabin ilimi?
3. Idan ɗanmu ya kawo 'yar wanda ya taɓa yin kuturta zai aura, me za mu ce masa, kuma a kan wane dalili?
4. Su wane ne a ikilisiyarmu suka daina zuwa Misa saboda wata cuta, kuma wa zai ziyarce su kafin Lahadi mai zuwa?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma ba mu zuciyar karɓar waɗanda ya riga ya warkar. Amin.